Wanda Ya Ƙwanƙwasa Ƙofar Jirgi

Akwai wata Asabar ta tsakiyar damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da zan manta sunana. A ranar ne na tsaya a zauren gidanmu na zazzaga wa aminin mahaifina rashin kunya, kuma wai duk a kan fim. Fim ɗin ma ba na Hausa ba, ba na Indiya ba, na mutanen da ke yawo a sararin samaniya cikin hular ƙarfe. Shekaru sun ja yanzu, amma duk lokacin da na tuna sai kunya ta fara rufe ni, daga baya in ɗaga hannu in yi wa mutumin nan addu'a.

A Gada Biyu, cikin garin Jos, muke zaune a lokacin, zamanin da faifan sidi ya fara korar kaset daga gidaje. Babanmu tela ne, irin na da, wanda zai zauna da allura ya yi wa babbar riga aikin hannu na wata guda bai gaji ba. Ni kuma na gama sakandare, ina da shekara ashirin da uku, ina taya shi a shago. Mutane suna cewa hannunsa na gada, amma bakin da nake da shi ba a san inda na samo shi ba, don ba na barin ta kwana.

Yanar ido ta kama Baba a hankali. Da farko zare ne ya daina shiga masa allura, sai ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Daga nan ya ɗinka wa wani mutum shuɗin yadi da baƙin zare, mutumin ya dawo da kayan yana ƙorafi. Baba bai sake taka keken ɗinki ba tun daga ranar. Ya koma ɗaki, shi da rediyonsa da bargo, haske da duhu kawai yake bambancewa.

Mun kai shi asibitin ido da ƙyar. Likita ya ce yana ce, ta nuna, kuma aikin cire ta ba wani dogon abu ba ne. Amma ya ja mana kunne, ya ce an riga an makara, idan aka ƙara jinkiri idon zai iya lalacewa ta ciki, a lokacin kuwa babu aikin da zai dawo da shi. Aka ba mu rana, Baba ya ƙi zuwa. Aka sake ba mu wata ranar, ya ce jikinsa babu daɗi. Rana ta uku da na roƙo da hawaye ita ce Talata mai zuwa, kuma likitan ya gaya mini a fili cewa ba ya jin idon zai jira ta huɗu.

Babu abin da ban yi ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na daina cin abinci kwana biyu, na turo masa limamin unguwa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Abin da zan gani a duniya na riga na gani." Mama ta gaji ta zuba wa sarautar Allah ido. Ni kuwa na yanke hukunci a raina cewa taurin kai ne kawai irin na tsofaffi, kuma na faɗa masa hakan fiye da sau ɗaya, Allah ya yafe mini.

Mutum ɗaya ne yake iya sa Baba dariya a waɗannan watannin, shi ne Injiniya. Ba injiniyan komai ba ne, mai gyaran rediyo da talabijin ne a Tina Junction, Baba ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma yana kiran Baba da Oga Tela. Kirista ne, ɗan asalin dutsen nan, gidansa yana Anguwan Rukuba. Tun suna samari suke tare. Ko bayan tashin hankalin da ya sa kowa a Jos ya koma lissafin inda zai sa ƙafarsa, Injiniya bai fasa zuwa gidanmu duk Asabar a kan tsohon babur ɗinsa ba. Hausarsa irin ta cikin gari ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa, mun saba har ba ma ji.

Abin da ya ɗaure abotarsu tun farko wani fim ne da suka kalla a sinima tun ba a haife ni ba. Labarin wani jirgi ne mai girman gari guda, ɗauke da sauran mutanen da suka tsira daga wata duniya da ta ƙone, suna neman inda za su sauka. Shugabar jirgin mace ce, ba ta dariya, kuma ta kafa doka cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa sai an hukunta shi, ba a kuma faɗi dalili ba. Bayan shekaru masu yawa sai wasu guda biyu suka fito a kaset, amma maimakon su ci gaba da labarin sai suka koma baya, suka nuna abin da ya faru kafin na farkon. Wannan ya jawo musu gardamar da ba ta ƙare ba. Injiniya ya rubuta wa kaset ɗin lamba bisa yadda suka fito, Baba ya kankare ya sake rubutawa bisa yadda labarin ya faru, har takardar jikin kaset ɗin ta huje.

Turancinsu duka biyun bai taka kara ya karya ba. Da ido suke kallo, suna lura da abin da ke hannun mutum, da inda ya kalla, da yadda ya tsaya, su haɗa labarin da kansu. Ni abin haushi yake ba ni. Da na ga sun jona bidiyo sai in tsuke baki in shige kicin, ban taɓa zama na kalli ko minti goma ba.

To, a wannan Asabar ɗin, saura kwana uku Talata, ana ta yayyafi tun safe, sai ga Injiniya bayan azahar ya shigo jiƙe sharkaf, ya rungume wata leda a ƙirji kamar jariri. Tun daga tsakar gida yake ɗaga murya.

"Oga Tela! Na huɗu ya fito! Wannan gaba ya tafi, ba baya ba. Matan nan ya tsufa!"

Na ga fuskar Baba ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba, har ya yunƙura zai tashi. Sai kuma ya koma ya jingina da bango. Ya ce, "Kai dai ba ka da kirki. Makaho ka kawo wa fim?"

Injiniya ya nuna ni da baki ya ce, "Ga ido nan a zaune, har da Turanci. Yarinya na, zo ka zauna kusa da baba naka. Duk abin da ka gani ka faɗa masa."

Ban so ba, amma ganin fuskar Baba ya sa na jawo kujera 'yar tsugune. Aka yi sa'a akwai wuta. Injiniya ya fito da na'urar sidi daga ledar ya jona a talabijin ɗinmu. Faifan irin wanda aka ɗauka a ɓoye a cikin sinima ne, hoton yana rawa, lokaci-lokaci kan wani ya gifta. Ga ruwa ya ƙarfafa yana dukan kwano, muryoyin ma da ƙyar ake ji.

Na fara bayani yadda na ji samari masu fassara a gidajen kallo suna yi, a gurguje, ina tsallake duk abin da na ga ba shi da amfani. "Ga jirgin nan. Ga tsohuwar nan tana masifa. An yi harbi, wani ya faɗi. Yanzu ba komai, zaune kawai take."

Baba ya ce, "Zaune da me? Me ke hannunta?"

"Kofi ne."

"Wane irin kofi?"

"Haba Baba, kofi ai kofi ne."

"Duba bakinsa. A lotse yake ta gefe ɗaya?"

Na duba, wallahi a lotse yake. Injiniya ya buga cinya, Baba ya yi wani murmushi ya ce, "Na ƙaninta ne. Ashe har yanzu tana riƙe da shi." Ya sa aka tsayar da faifan, ya juyo inda yake jin numfashina, ya ba ni labarin a taƙaice. A ɗaya daga cikin biyun nan da suka koma baya, an nuna ranar da duniyarsu ta kama da wuta, ita tana budurwa, ƙaninta yana saurayi. Sun riga sun shiga jirgi, sai ya miƙa mata kofinsa ya ce ta riƙe masa, ya koma da gudu ya ɗauko akwatin irin shuka da mahaifinsu ya bari. Wuta ta taso, manya suna ihu a rufe ƙofa, hannun da ya fi kusa da marufin kuwa nata ne. Ita ta rufe. Jirgi yana tashi tana jin ƙaninta yana buga ƙofar da irin bugun da suke yi tun suna yara, sau biyu, a ɗan tsaya, sannan sau ɗaya.

Injiniya ya karɓe ya ce, "Shi ya sa ba ya son a buga masa ƙofa. Mun yi shekara goma sha wani abu ba mu san dalili ba, sai da suka koma baya."

Na ce to, aka ci gaba. Amma ban daddara ba. Can gaba kaɗan sai aka nuna mutanen jirgin sun taru suna sauraren wani sauti da ke fitowa daga waje. Na ce, "Inji ne ya lalace, yana ƙara."

Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Yi shiru!" Ya karkata kai, duk da ruwan da ke dukan kwano. Ni ma na kasa kunne. Sau biyu, aka ɗan tsaya, sannan sau ɗaya. Tsigar jikina ta tashi, ni da nake cewa ba ruwana da fim ɗin.

Na ce, "Ashe ƙanin nata bai mutu ba!"

Baba ya ce, "Kada ki yi sauri. Mutum biyu ne suka san bugun nan." Ya bayyana mini cewa a ɗaya kaset ɗin akwai wani mayaudari da ya shiga jikinta har ta ba shi labarin ƙaninta da bakinta. Da wannan bugun ya yi amfani ya sa aka buɗe wa maƙiya ƙofa, mutane da yawa suka hallaka, aka kore shi a ƙaramin jirgi. Saboda haka wanda ke waje yanzu ko dai ƙaninta ne da ya tsira ta wata hanya, ko kuma wancan mugun ne ya dawo ya ƙarasa su. Sauran fim ɗin duk a kan wannan aka yi shi, ta buɗe ko kada ta buɗe.

Daga nan na daina tsallake komai. Baba ya matso har gwiwarsa tana taɓa tawa, yana tambaya ina amsawa. Rabon da in ga ransa a jikinsa haka tun kafin ya bar shago.

A ƙarshe tsohuwar ta sallami kowa, ta je ƙofar ita kaɗai da kofin a hannu, ta buɗe. Wani ya shigo cikin kayan ƙarfe, ya ɗaga hannu ya cire hular. Babu wanda ya ce uffan. Aka nuna fuskarsa, aka nuna tata, sai allo ya yi baƙi, rubutu ya fara hawa.

Baba ya ce, "Wane ne? Wa ya shigo?"

Na ce, "Wani tsoho ne mai farin gemu."

"Na sani tsoho ne, ai duk sun tsufa! Wanne ne a cikinsu?"

"Baba, ina zan sani? Ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

"To ita fa? Murna ta yi ko tsoro?"

"Hawaye take yi. Ban san ko na mene ne ba."

Sai ya juya wajen amininsa ya ce, "Injiniya, kai ka san fuskokinsu. Wane ne?"

Injiniya ya tashi a natse ya cire faifan, ya goge shi da gefen rigarsa, ya sa a aljihu. Ya naɗe wayoyinsa ya mayar cikin leda. Sannan ya ce, "Na gane shi sarai, Oga Tela. Amma ba zan faɗa maka ba. Ran Talata ka je a wanke maka ido, ka zo ka gani da kanka."

Baba ya ce, "Wasa kake yi."

"Allah ya sani ba wasa ba ne. Kuma kaset na baya duka suna wurina, ba zan ba kowa aro ba, kada ka ce yarinya ya kalla ya gaya maka."

Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci irin na ranar ba. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Tashi ka bar mini gida." Ya juya fuska bango ya ja bargo.

Ni kuwa wuta ta kama ni. Na bi Injiniya har zaure inda ya tsaya yana jiran ruwa ya tsagaita, na buɗe baki na manta da furfurarsa. Na ce masa wannan mugunta ce tsagwaronta. Na ce ya zo har gida ya ɗaga ran bawan Allah sama ya sake shi ya faɗo. Na ce wata shida muna neman abin da zai sa Baba murmushi, shi ya zo ya mayar da makantarsa abin wasa. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan iya maimaitawa ba. Yana tsaye yana kallon ruwa har na gama, numfashina yana sama-sama.

Sai ya ce, "Ka gama? To ka gaya mini, me ka sani game da kaka naka, mama na baba naka?"

Na ce na san dai makauniya ce, kuma ta rasu kafin a haife ni.

Ya ce, "Yana ne ya kama shi, irin wannan ɗin. Lokacin baba naka yana saurayi, muna koyon aiki. Wani mutum ya zo kasuwa, mai yawo gari-gari, yana cire yana da allura. Baba naka ne ya je ya kira shi, shi ya kawo shi gida, shi ya riƙe kan mama nasa aka soka. Kwana uku tsohuwa yana gani, ana ta murna. Na huɗu ido ya kumbura, ya mutu gaba ɗaya, mutumin kuma ya bar gari. Shekara goma sha ɗaya baba naka yana ja masa sanda. Tsohuwa bai taɓa ce masa don me ba, shi kuma bai taɓa yafe wa kansa ba."

Ba a taɓa faɗin wannan maganar a gidanmu ba, ko Mama ban ji ta taɓa ambata ba.

Ya ɗaura ledarsa a bayan babur ya ce, "Kai a na huɗu ka shigo, kana ta ihu wai taurin kai. Ba ka kalli na baya ba. Tsoro ne, yarinya na. Lallashi bai fi tsoron ƙarfi ba, faɗa bai fi shi ƙarfi ba, shi ne na ce bari in gwada wannan. In ya tsane ni, ba komai, ya tsane ni yana gani." Ya tayar da babur ya shiga cikin ruwan.

Ranar Lahadi Baba bai kunna rediyo ba. Sau uku yana kirana ɗaki, ba don komai ba sai don in sake kwatanta masa fuskar. Hancin dogo ne? Idanun a loko suke? Goshin fa? Na faɗi iya abin da na tuna, ya ce ai duka biyun haka suke, ya yi tsaki ya ce an yi asarar kuɗin makaranta. Da a da ne da na mayar masa da magana, amma na yi shiru.

Ran Litinin bayan la'asar na kai masa shayi, na zauna a bakin katifa. Ban yi maganar asibiti ba. Cewa na yi, "Baba, ba ni labarin Kaka." Sai ya ce, "Wancan mai dogon bakin ne ya gaya miki." Ya fara magana a hankali, ya ba ni labarin ƙosan da take soyawa a bakin hanyar masu haƙar kuza, da yadda take gane takunsa a cikin na mutum goma. Da ya zo kan ranar allurar sai ya ajiye kofin shayin. Ya ce har yau yana jin ɗumin kanta a tafin hannunsa.

Can ya ce, "Yanzu ina gane rana ta fito, ina gane inuwarki idan kin shigo. In na je suka taɓa, wannan ɗin ma ya tafi fa?"

Na so in kawo masa bayanin likita, cewa wannan aikin daban yake da na mai allura, amma ya riga ya ji shi sau goma. Sai na kama hannunsa na ce, "In ya tafi, Baba, ni zan ja maka sanda, kamar yadda ka ja wa Kaka. Kuma ba zan ce maka don me ba, kai ma ba za ka ce mini ba." Na ɗauki kofin na fita ban san matsayarsa ba.

Da safiyar Talata ina hura gawayi sai na ji gyaran murya a bayana. Baba ne tsaye a ƙofar ɗaki, cikin farar babbar rigar da ya yi wa kansa aiki da hannunsa, har da hula. Ya ce, "Je ki samo mana mota. Ba don komai zan je ba sai don in kunyata wancan mugun." Na fita da gudu ko mayafi ban gyara ba, sai ga Injiniya a bakin titi, jingine da wata tasi ta maƙwabcinsa, yana hura hannu saboda sanyi. Babu wanda ya aika masa. Daga baya direban ya gaya mini cewa waɗancan ranakun biyu da Baba ya ƙi zuwa ma haka suka zo suka tsaya har hantsi, suka juya.

A hanya ba su yi wa juna magana ba. Amma da aka zo shiga da Baba ɗakin aiki, hannun Injiniya ya laluba ya riƙe, ba nawa ba.

Washegari aka cire bandejin. Baba ya ƙifta ido, ya ƙifta, ya tsaya a kaina yana kallo. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Wa ya ɗinka miki rigar nan? Kafaɗar ta karkace." Ni na ɗinka ta. Na fashe da kuka da dariya lokaci guda, Mama ta faɗi ta yi sujada a tsakiyar ɗakin. Ya juya ya ga amininsa ya ce, "Kai, haka ka tsufa ba ka gaya mini ba? Ina faifan?"

Likita ya hana shi kallon talabijin na ɗan lokaci, ga kuma ɗaya idon da aka yi daga baya. Da lokaci ya yi, Baba da kansa ya ce ba za a sa na huɗun ba sai na kalli na baya duka. Suka sake tayar da tsohuwar gardamarsu a kan wanda za a fara da shi, Injiniya ya sakar masa a karon farko a tarihi. Asabar uku muka yi muna kallo. Na ga budurwar ta rufe ƙofa, na ga ƙanin, na ga mayaudarin, na yi kukan da ban taɓa yi wa fim ɗin Indiya ba.

A Asabar ta huɗu, da aka zo wurin ƙofar, Baba ya matsa gaban talabijin da sabon tabaransa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Mutumin ya cire hular ƙarfe. Wannan karon ban buƙaci kowa ya gaya mini ba, ƙanin ne, ga akwatin irin shukar rataye a kafaɗarsa, abin da na gani da idona a karon farko na ɗauka jaka ce kawai.

Baba ya sa aka mayar da wurin baya har sau uku. Ba akwatin yake kallo ba, fuskar yake kallo. Sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Dubi yadda yake kallonta. Bai riƙe ta a zuci ba." Ya cire tabaran ya rufe fuska da hannun riga. Injiniya ya tashi ya fita tsakar gida wai zai duba babur ɗinsa.

Na bi shi can na durƙusa har ƙasa na ba shi haƙuri a kan maganganun da na faɗa masa a zaure. Ya ce, "Wane magana? Ruwa yana dukan kwano, ban ji komai ba."

Baba ya koma shago, kuma aikin hannu na farko da ya yi riga ce ya ɗinka wa Injiniya, wadda ya riƙa sawa zuwa coci duk ranar biki. Ya ƙara shekara tara yana gani kafin Allah ya karɓi abinsa. Ya ga aurena, ya ga 'ya'yana biyu, kuma bai daina kushe mini kafaɗar riga ba har ƙarshe. Duk wannan, bayan ikon Allah, mutumin da na kira mugu ne sanadi, kuma ba ni da bakin da zan gode masa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk mutumin da na tarar ya kafe a kan wani abu, a tsakiyar labarinsa na same shi, akwai na baya da ban kalla ba. Wata shida na yi ina yi wa mahaifina faɗa a kan tsoron da ya girme ni, ban taɓa zama na tambaye shi daga ina ya faro ba. Yanzu idan bakina ya fara ƙaiƙayi a kan wani, nakan tuna kofin nan mai lotsattsen baki da na ce kofi ai kofi ne, sai in ja kujera in zauna, in ce ya ba ni labarin tun daga farko.